Hannun Kawu Na'ibi

A shekarar 1972 Husaini yana da shekara ashirin da shida, shi ne mai buga takardu a ofishin wani attajiri da ke shigo da siminti da ƙarafan gini, a hawa na biyu na wani bene a unguwar Bagdadiyya ta birnin Jidda. A Jidda aka haife shi, can unguwar Mahjar ta talakawa, cikin ɗakin langa-langa. Mahaifinsa ɗan ga-ruwa ne, ya rasu tun Husaini bai fara tafiya ba. Wanda ya rene shi shi ne yayan mahaifiyarsa, Kawu Na'ibi, masunci Bahaushe, wanda ya tsallako daga Bur Sudan tun yana saurayi bai sake komawa ba.

A ofis ba wanda ya san wannan. Ba zama ya yi ya tsara ƙarya ba. Ranar da ya fara aiki aka tambaye shi ɗan wane ne, sai ya ji bakinsa ya ce ubansa mai sayar da turare ne a Makka, Allah ya ji ƙansa. Aka ce amin, maganar ta zauna. Larabcinsa na 'yan Jidda ne tsaf, farar rigarsa kullum a goge, kuma ya kama ɗaki kusa da ofis. Da farko duk Juma'a yana leƙa Mahjar, daga baya ya koma wata-wata. Lokacin da wannan abu ya faru, rabonsa da gida wata huɗu.

Abokansa biyu ne a ofishin. Abdulghaffar, mai fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, ƙaton mutum ne mai dariya har da hawaye. Othman kuwa siriri ne marar yawan magana, ya sayi sabuwar kyamara yana neman abin da zai ɗauka. Abdulghaffar ne ya kawo shawarar su yi hayar jirgi su kwana a teku, domin ya ji babban kifin nan da ake kira tuna ya shigo, masunta na ta sauke manya-manya a Bangala, kasuwar kifi.

"Alhamis bayan azahar mu tashi, Juma'a kafin huɗuba mun dawo," in ji shi. "Na riga na gama da rayyis mai jirgin, har takardar masu gadin teku ta fito. Halas, ba wanda zai kawo mini uzuri."

Husaini bai taɓa shiga jirgin kamun kifi ba. Kawunsa ya hana shi tun yana ƙarami, ya ce mutum ɗaya ya ishi teku daga gidansu. Amma Husaini ya amsa wa abokansa, har da cewa ya daɗe yana sha'awar haka.

Jirgin sambuki ne na katako mai inji, an ɗaure shi a bayan Bangala inda ƙarnin kifi da warin man dizal suka haɗu. Mai jirgin, Rayyis Hamad, gajere ne mai furfura a gemu, ya tsaya yana ƙirga jarkokin ruwan sha. A cikin jirgin wani tsoho ya sunkuya yana fasa ƙanƙara da ƙarfe yana zubawa cikin akwati. Bayansa kawai ake gani, amma Husaini ya san wannan bayan. A kansa ya yi barci sau ba adadi. Shi a saninsa Kawu yana aiki ne a wani jirgi can kudu, bai san ya canza ba.

Tsohon ya ɗago. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya, ya ajiye ƙarfen, ya goge hannunsa a zanensa, ya buɗe baki.

Husaini ya juya wajen Othman, ya ɗaga murya da Larabci yana cewa zafin yau ya fi na jiya. Da ya juyo, tsohon na nan tsaye da hannu a miƙe don ya taimake shi ya shigo. Husaini ya ɗora masa jakarsa a hannun.

"Ya Hajji, riƙe wannan. Kula kada ta jiƙe."

Haka mutanen gari ke kiran duk wani baƙin tsoho da ba su damu su san sunansa ba. Kawu Na'ibi ya dubi jakar, ya dubi Husaini, ya dubi fararen rigunan abokansa. Bai ɗauki lokaci ba.

"Hadir, ya ustaz," in ji shi, kamar yadda yaron jirgi ke amsa wa fasinja, ya kai jakar ƙarƙashin rumfa ya rufe ta da buhu.

Suka fita ta tsakanin duwatsun murjani, Rayyis Hamad na riƙe da sitiyari da ƙafa ɗaya yana hura sigari. Gine-ginen Jidda suka yi ta raguwa har suka zama wani farin layi. Ruwan da yake kore ya koma shuɗi mai duhu, jirgin ya fara hawa yana sauka. Abdulghaffar na waƙa, Othman na ɗaukar hoton komai, har da jarkoki. Husaini ya zauna ya ƙanƙame katako yana gaya wa kansa cewa da an ɗan samu sarari zai je ya yi wa Kawu bayani a hankali. Wane bayani, shi ma bai sani ba.

Kafin la'asar ta yi sanyi cikinsa ya juya. Ya yunƙura zai kai bakin jirgi bai kai ba, ya kelaya amai a kan dandamali, a kan takalmansa, har gefen rigarsa. Abdulghaffar ya fashe da dariya, ya ce, "Mabruk! Teku ta karɓi gaisuwarka."

Kawu ne ya zo da guga. Ya ɗebo ruwan teku ya kwarara, ya sa tsumma ya goge. Ya durƙusa ya zare takalman daga ƙafar Husaini, ya wanke su, ya kife su a rana. Sannan ya yanka lemun tsami ya miƙa masa, ya ce da Larabcinsa mai nauyi irin na mutanen Sudan, "Tsotsa wannan, ya ustaz. Kada ka dubi ruwan da ke kusa. Dubi can nesa inda sama ta sauka."

Husaini ya karɓa bai ɗaga ido ba. Ya ce shukran.

Da magariba suka jefa anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, a gefen wani tudun murjani inda ruwa ya lafa. Aka yi alwala, aka shimfiɗa tabarma. Abdulghaffar ya ce rayyis ya wuce gaba, rayyis ya ƙi.

"In Na'ibi na nan ba na jan salla. Shi ya fi mu karatu."

Haka Husaini ya tsaya a bayan kawunsa, jirgi na lilo da su, yana sauraren muryar da ta koya masa Fatiha tun yana tsallen ƙasa. Da aka sallame ya yi sauri ya koma ƙarƙashin rumfa.

Kawu ya dafa sayadiyya da ƙananan kifayen da aka kama a nan, shinkafar ta yi ja da albasa. Ya ajiye musu tire ya ja gefe da ɗan kwanonsa. Abdulghaffar ya rantse ba zai sa loma ba sai tsohon ya matso an ci tare. Ya matso. Gwiwarsa na taɓa gwiwar Husaini.

"Ya ammi," in ji Abdulghaffar da baki cike, yana kiransa baffa da Larabci, "wallahi ko matata ba ta dafa irin wannan. Shekarunka nawa a teku? 'Ya'yanka ba su ce ka huta ba?"

Kawu ya yi murmushi ya ce Allah bai ba shi haihuwa ba. Rayyis Hamad ne ya karɓe zancen.

"Kada ku biye masa, yana da ɗa. Ɗan ƙanwarsa ne, shi ya rene shi. Wata uku yana jirgin nan, wata ukun nan ba mu da labari sai na yaron. Wai yana buga takarda ba ya duban hannunsa. Wai har Turanci yake bugawa. Ƙaramin kwale-kwalensa fa ya rabu da shi don yaron ya koyi wannan bugun, shi ya sa ga shi yana fasa wa wasu ƙanƙara da furfurarsa. A Bagdadiyya ma yake aiki, kamar ku."

"Allahu akbar!" in ji Abdulghaffar. "Ai duk masu buga takardun Bagdadiyya mun san su. Husaini, kai ne ɗan sana'ar, ka san shi dole. Ya ammi, mene ne sunansa? Wane ofis?"

Husaini ya daina tauna. Ya san wannan ce dama. Kalma biyu ce kawai, ni ne. Ya ji su a kan harshensa. Ya dubi tiren.

Kawu ya zare ƙaya daga kifi a hankali, ya ajiye naman a gefen da Husaini ke ci.

"Bagdadiyya na da faɗi, ya ustaz," in ji shi. "Ni kuma ban iya riƙe sunan ofis ba. Yaron kirki ne, aiki ne ya yi masa yawa."

Aka wuce zuwa wani zance. Daren nan Husaini bai yi barci ba. Yana jin tarin kawunsa daga bayan jirgi inda yake gadin anga, taku biyar tsakaninsu, bai iya yin takun ba.

Asuba na yi rayyis ya tada inji suka nausa cikin zurfi. Gari na fara haske Kawu ya nuna wani wuri da haɓa. Tsuntsaye ne fari fat suna faɗawa ruwa suna tashi, ƙarƙashinsu kuma ruwan na tafasa.

"Tuna!" in ji Rayyis Hamad. "Yalla, kowa ya kama igiyarsa!"

Fatsar hannu ce, igiya mai kauri da aka naɗe a kan dandamali kusa da ƙafar kowane mutum, da ƙaramin kifi a ƙugiya. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su tsumman da za su naɗe hannu, yana faɗa musu kada kowa ya taka naɗin igiya. Othman ya fara kamawa, wata matsakaiciya, ya jawo ta yana ihu kamar ba shi ne marar magana ba. Abdulghaffar ya kama biyu. Jini da ruwa suka cika dandamali, kifayen na dukan katako da wutsiya kamar ana kiɗa. Husaini ma ya manta da kansa na ɗan lokaci. Iska ta wanke masa jiri, ya matsa gaba don ya ga na Abdulghaffar, bai lura inda ya sa ƙafa ba.

Wani abu ya fizgi igiyarsa da ƙarfin da bai taɓa ji ba. Ta kufce daga tsumman, ta shiga gudu tana fita daga naɗinta tana ƙara, kuma ƙafarsa ta hagu na tsakiyar naɗin.

"Husaini! Ɗage ƙafarka! Ta hagu, ɗan nan, ta hagu!"

Da Hausa aka yi tsawar, kuma jikinsa ya bi ta kafin tunaninsa ya iso. Amma igiyar ta riga ta zarge idon sawunsa. Ta fizge shi ya faɗi da baya, ta ja shi zuwa bakin jirgi. Ya ga shuɗin ruwan a gabansa. Sai ga Kawu ya faɗo a kan igiyar, ya cafke ta da hannun dama ba tsumma, ya naɗa ta sau biyu a tafinsa, ya tokare ƙafa da katako. Igiyar ta tsaya tana rawa. Abin da ke tsakanin hannun Kawu da ƙafar Husaini ya yi sako-sako.

"Zare! Yi sauri!"

Husaini ya zare ƙafarsa. Rayyis da Abdulghaffar suka kama igiyar ta gaba suka karɓi nauyin. Da Kawu ya warware ta daga hannunsa, tafin a buɗe yake, ana ganin fari a ciki kafin jini ya rufe.

"Kawu! Wayyo Kawu, hannunka!" Husaini ya fizge farin mayafin kansa yana naɗe hannun. "Kawu, ka yi mini magana. Kawu!"

"Ɗaure daga sama," in ji tsohon da Hausa, a hankali. "Ƙara matsewa. Yawwa. Ƙafar taka fa?"

Kusan rabin awa rayyis da Abdulghaffar suka yi suna fama da kifin kafin su kawo shi gefen jirgi, suka sa ƙugiyar ƙarfe suka ɗago shi da kyar. Tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, bayansa baƙi, cikinsa na ƙyalli. Irinsa suka fito nema. Othman ya ɗaga kyamara, ya dubi inda Husaini ke durƙushe, ya sauke ta bai ɗauka ba.

Abdulghaffar ya zauna a kan akwatin ƙanƙara yana haki. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Wane yare ne wannan kuka yi? Mene ne kawu?"

Rayyis Hamad ya daɗe da masunta Hausawa. Shi ya ba da amsa.

"Ɗan'uwan uwa." Ya dubi Husaini tun daga kai har ƙafa. "Kai ne mai buga takardar ke nan."

Husaini ya ce, "Ni ne."

Rayyis ya tofar da yawu cikin teku, ya koma kan sitiyari, ya juya jirgin zuwa Jidda.

Awa uku suka yi a hanya. Kawu ya kwanta a ƙarƙashin rumfa da hannunsa a ɗage, Othman na ba shi ruwa da sukari. Husaini ya yi ta jiran a yi masa dariya, ko a tambaye shi labarin mai turaren Makka. Da an yi haka da ya fi masa sauƙi. Sai da gine-ginen gari suka fara fitowa Abdulghaffar ya zo ya tsaya kusa da shi, yana duban ruwa.

"Kakana ɗan dako ne a tashar can," in ji shi. "A bayansa ya ɗauki buhunan shinkafa har ya mutu. Kowa a ofis ya sani, ni nake faɗa. Me ka ɗauke mu, ya Husaini?"

Abdulghaffar ya juyo ya dube shi.

"Jiya ina kallo ya durƙusa ya wanke maka amai, kana ce masa Hajji. Ni kuma ina dariya. Ka sa ni na yi dariya a gaban mutumin da ya rene ka." Ya girgiza kai ya bar wurin.

Da suka sauka, Abdulghaffar ya sumbaci kan Kawu a gaban duk masu ɗaukar kifi, ya sa shi a gaban motarsa. Husaini ya zauna a baya. A asibiti aka yi ɗinki goma sha huɗu, likita ya ce jijiyar yatsu biyu ta yanke. Sallar Juma'a ta wuce su a can.

Bayan la'asar suka isa Mahjar. Abdulghaffar ya sauke su a bakin lungu, ya sauke rabin babban kifin a cikin buhu, ya ce na Ammi Na'ibi ne. Husaini ya saɓa buhun a kafaɗa, ruwan kifi na zuba a farar rigarsa, yara na binsu da kallo. Mahaifiyarsa, Dela, tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta ga ɗanta ta fara murna, sannan ta ga hannun.

"Innalillahi! Yaya, me ya same ka?"

"Kifi ne," in ji Kawu. "Babba ne, ya fi ƙarfina. Allah ya sa Husaini na cikin jirgin da abokansa, shi ya ɗaure mini. Ga rabonmu nan, ki aika wa maƙwabta kafin ya lalace."

Ya shige ɗakinsa. Dela ta shiga sa wa ɗanta albarka, tana cewa dama ta san ranar da za a neme shi za a same shi. Husaini ya ajiye buhun. Ya tsuguna a gabanta ya faɗa mata komai, tun daga jakar har zuwa mai turaren Makka. Bai rage ba.

Ta saurare shi har ya gama, hannunta na cikin shinkafa bai motsa ba.

"Ubanka," in ji ta daga baya, "kafaɗarsa har ta yi kanta saboda sandar ruwa. Ba ya jin kunyar cire riga a gaban kowa." Ta ci gaba da tsinta. "Tashi daga gabana. Magariba ta kusa, Yaya ba zai iya ɗaga buta ba."

Husaini ya cika buta ya kai ƙofar ɗakin. Kawu ya fito ya zauna a kan ɗan dutsen da yake alwala. Husaini na zuba ruwa, tsohon na wanke fuska da hannun hagu.

"Kawu, ka yafe mini."

"Zuba a nan."

"Kawu, don Allah."

Tsohon ya shafa kansa, ya shafa kunnuwansa, sannan ya dube shi.

"Na yafe tun a bakin jirgi. Na ga tsoro ne ya kama ka, na ce bari in rufa maka asiri. Amma ba zan ɓoye maka ba, Husaini, ya yi mini ciwo. Da rayyis yake ba da labarinka na so ka ɗago kai ko sau ɗaya ne." Ya miƙa ƙafa. "Wanke mini, ba zan iya sunkuyawa da hannun nan ba."

Husaini ya wanke masa ƙafafun.

Yatsun biyu ba su sake lanƙwasuwa ba, kuma masunci ba ya riƙe igiya da yatsu uku. Da ciwon ya warke, Abdulghaffar ya samar wa Kawu aikin gadi a wani sito na siminti a Khumra. Tsohon bai taɓa kokawa ba, sai dai an ce in iska ta kaɗo daga yamma, wajen teku, yakan fita bayan sito ya tsaya. Husaini ya saki ɗakinsa na Bagdadiyya ya dawo Mahjar, yana shiga bas kullum da safe. A ofis ba wanda ya tada maganar, Othman da Abdulghaffar suka ci gaba da shan shayi da shi kamar da. Amma duk sanda wani baƙo ya shigo ya tambaye shi ɗan wane ne, Abdulghaffar kan daina abin da yake yi ya saurara. Husaini kan faɗi gaskiya, kuma ko bayan shekaru, in yana faɗa sai ya ji wuyansa ya ɗauki zafi don kunya.